Ni da Uku a Gefen Taga

Malamin lissafinmu a sakandaren da na yi a Kakuri ba ya cewa an yi daidai ko kuskure. Raba aji yake yi. Masu wannan amsa su koma jikin ƙofa, masu waccan jikin taga, waɗanda suka faɗi su ɗauki langalanga su tafi yankan ciyawa. A shekarun tamanin ne, ni kaɗai ce mace da ta rage a ajin babban lissafi. Ya riga ya gaya mini in na sake faɗuwa, ajin koyon tafireta zan koma, inda sauran 'yan matan suke.

Ran nan ya rubuta a allo: a cire uku daga x, y ita ce sikwaya rut na abin da ya rage, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da shi. Ya ce a faɗi lambobin da x za ta iya zama, da waɗanda y za ta bayar.

Monita, wani dogo ɗan unguwar Television mai ji da kansa, ya miƙe. "Sama da uku kawai, Malam. In an sa uku sifili zai fito, sifili kuwa ai ba komai ba ne."

Aji ya kwashe ya bi shi ƙofa kamar tumaki. Na tafi taga ni kaɗai, raina a ɓace.

Malam ya dube ni ta saman tabarau. "Ke, tafireta na kiranki fa. Ba za ki bi mutane ba?"

Na ce, "Ba inda za ni, Malam. Ƙasa da uku ba ta shiga, don babu lambar da za a ninka da kanta ta faɗi ƙasa da sifili. Amma uku da kanta tana ciki. Sifili sau sifili, sifili ne, amsa ce. Ita ma y daga sifili take farawa ta yi sama."

Wani ya yi tsaki. Jiniyar masaƙar Kakuri na gama kukanta, Malam ya nuna wa monita kwanar da ake jingine langalanga.

Langalangar ba ta ishi 'yan ajin ba, sai karɓa-karɓa suka yi. Na ja kujerar monita ta gaban allo na zauna, Malam ya goge allo ya fara sabon darasi da ni kaɗai.