Bensikin a Ƙofar Baffa

Ƙanshin gasasshiyar masara gauraye da hayaƙin jirgin ƙasa, shi nake ji har yau idan na tuna tashar Ngaundere. Na sami gurbin karatun shari'a a jami'ar Duwala, amma mahaifina ya ce maganar tana hannun yayansa, Baffa Sule, ɗan majalisar ƙasa da ke zaune a unguwar New Bell ta Duwala. In bai yarda ba, babu karatu. Shi kuwa Baffa kowa ya san shi: babbar riga yake sawa a majalisa ko da zafi na kashe mutane, kuma ya sha cewa a rediyo 'ya mace ba ta tafiya ita kaɗai, ba ta zaman ɗakin haya, ba ta hawa babur. Ga ni ni kaɗai, zan je roƙonsa.

A jirgi

Ban gama zama ba wata tsohuwa mai fatsa-fatsan haƙora jajaye ta sauke kwandonta kusa da ni.

"'Yata, matsa. Hajiya Laraba ce, mai goro. Ina zuwa?"

"Duwala, Hajiya."

"Ashe hanyarmu ɗaya."

Ta ba ni kilishi, ta yi ta labari har barci ya sace ni. Da na farka, ciyawar arewa ta ɓace, sai itatuwa dogaye da hazo ya lulluɓe kamar amare.

Yawunde zuwa Ideya

Muka sauka daga jirgi a Yawunde, muka shiga bas da hantsi. A shingen jandarmomi na kasa samun katin shaida a jaka. Hajiya ta leƙa taga ta dubi jandarman da ke jira.

"Ɗana, jikata ce. Ka ga fuskar ɓarawo a nan?"

Ya yi dariya, ya jira har na lalubo shi. A Ideya muka sayi bobolo, rogo kenan da ake naɗewa a ganye, muka ci da kifi muna kallon kogin Sanaga.

Duwala

Mun wuce unguwar Village lafiya, amma a mahaɗar Ndokoti motoci suka cushe. Hajiya ta ɗaga hannu, sai ga masu bensikin, wato 'yan babur, sun yanyame mu.

"Hajiya, Baffana ya hana!"

"Baffanki yana nan? Hau, yarinya, la'asar na wucewa."

"Doucement, la mère!" in ji mai baburin da ta hau, wato "A hankali, Mama," don ta kusa kifar da shi. A unguwar Kassalafam ta sauka ta ɓace cikin kasuwa, ni kuma nawa ya dire ni daidai ƙofar Baffa, inda yake zaune a tabarma da dattawan unguwa.

Na durƙusa, mayafina ya karkace. Wani dattijo ya ce, "Onarabul, ga dokarka ta iso a babur."

Aka bushe da dariya, ban da Baffa.

"Wa ya ɗora ki a kan wannan abin?"

"Wata Hajiya Laraba ce, Baffa, muka haɗu a jirgi."

Sai tari ya sarƙe shi, ya rufe baki da hannun riga.

Bayan isha'i ya kira ni. Na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ɗakin haya, a'a," ya ce. "Abin da na faɗa a majalisa shi nake faɗa a gida. Amma akwai ɗaki kusa da na Gwaggonki. Idanuna sun yi rauni, ke za ki riƙa karanta mini jarida da safe. In na yi kuskure a doka, ki gyara mini, amma ba a gaban mutane ba."

Komawa

Bayan mako na koma Ngaundere haɗa kaya, ina ta alfahari cewa ni kaɗai na ƙetare ƙasa. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Gwaggo da miyarta ta ndole, wato miyar shuwaka.

Sai a ranar da na karɓi digiri Gwaggo ta faɗa mini: Hajiya Laraba ba ta da wani goro da za ta saya a Duwala a makon nan. Baffa ne ya roƙe ta ta rako ni, ya kuma ja mata kunne a kan abu ɗaya tak: kada ta bari in hau bensikin.