Faretin da Saje Ya Yi wa Mara Lafiya

Sharrin da Saje Ɗanlami ya yi mini ba zai taɓa fita raina ba. Ranar taron ma'aikata na ƙarshen wata ya miƙe a gaban kowa ya ce ni na hana yaro magani da bakina. Ni da na tsufa ina jan motar asibitin nan tsakanin Rogo da Kano, ko kaza ban taɓa takawa ba. Ku sababbin zuwa kuna ganin muna gaisawa, to ga yadda aka yi.

Da daminar bara waccan likitocin jijiya na wani babban asibiti a Kano suka aiko cewa suna gwajin wani magani. Ciwon da suke nema su suna ce masa em-es. Ba shi da yawa a nan, kuma mutanenmu iska suke ɗaukarsa, don yau ƙafar yaro ta mutu ko idonsa ya dushe, bayan 'yan makonni ya miƙe, can kuma abin ya dawo. Shugabar asibitinmu ta karanta mana ƙa'idojin: yaro ya kai shekara goma bai kai sha takwas ba, hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ciwon, ya zamana ciwon ya tashi cikin shekarar da ta wuce, uba ya yarda, shi ma yaron ya yarda da bakinsa.

Saje tsohon ɗan sanda ne, Bazazzagi, shi ne shugaban kwamitin lafiya na garin Jajaye. Yana wurin aka karanta, amma duk abin nan kalma ɗaya ta shiga kunnensa: tantancewa.

Shi ya samo Sambo, ɗan shekara sha huɗu, a rugar mahaifinsa Malam Buba. Ni ban san yaron ba sai ranar da na ɗauke su zuwa Kano. Da yake Hausar Malam Buba ta cinikin shanu ce, ni kuma mahaifiyata Bafulatana ce, likitar da ke duba yaran ta ce in shigo in yi tafinta. Saje aka bar shi a benci.

Sambo ya tsaya ƙirji waje, hannu a cinya, gumi yana zuba. Likita ta ce, "Malam direba, tambayi baban, yaushe rabon da ƙafar ta riƙe shi?"

Malam Buba ya ce an yi shekara uku, ya warke sarai, har tsere yake da maruƙa. Haka na faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Ta ƙwanƙwasa gwiwarsa, ta haska idonsa, ta ce akwai alama, amma wanda ciwonsa ya kwanta shekara uku ba ya cikin waɗanda gwajin ke nema. Muka juyo.

Shi ne fa a taro Saje ya ce, "Ranki ya daɗe, na kai yaro tsaf. Fillancin direba ne ya kashe mu. Mutumin da ya gudu daga aji uku shi aka ba maganar likita!"

Aka yi dariya. Har masu shara.

Ban iya cin tuwo ba ranar. Da Juma'a bayan an sauko na hau babur na nufi rugar, don Malam Buba ya zo ya wanke ni. Na tarar da Sambo a gindin ɗorawa, shanu sun fita ba shi, yana jan ƙafar hagu, ido ɗaya a kanne.

Na ce wa Malam Buba, "Baffa, wannan ne mai tsere da maruƙa?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ƙafar ta riƙe shi da kaka, ta sake riƙe shi bayan ƙaramar salla. Amma Saje ya ce ya san gwamnati ciki da waje, ba ta ɗaukar mai rauni, duk wanda ya yi ɗingishi a layin tantancewa gida ake kora shi. Don haka ya yi ta zuwa da yamma yana koya wa yaron tsayuwa, hagu dama, hagu dama, ya kuma ja kunnen uban kada ya ambaci ciwo.

Wallahi na so in yi fushi, dariya ta riga ni.

Na koma na faɗa wa shugaba, ta buga wa likitar waya, aka ce saura kaɗan a rufe ɗauka, mu kawo shi. Wannan karon na ce wa Sambo ya shiga yadda Allah ya ga ƙafarsa. Likita ta ji labari ta dafe kai. Aka yi hoton, ciwon ya fito. Ta zaunar da su ta ce gwaji ne, ba alkawarin warkewa ba, kuma duk ranar da suka ga dama su fita. Sambo ya ce ya yarda, in dai ba za a sake sa shi maci ba. Aka ɗauke shi.

Daga Kano ban ajiye mota ba sai ƙofar gidan Saje. Yana kan tabarma yana jin rediyo. Ya ce, "A'a, Bakano, an dawo?"

Na ce, "An dawo, yallaɓai. An ɗauki kurtunka, da ɗingishinsa aka ɗauke shi. Na san alheri ka nufa, amma alherin Bazazzagi sai da ya kusa raba yaro da magani, ya kuma sa masu shara suka yi mini dariya. Aji uku na tsaya, gaskiya ne, amma abin da aka faɗa mini shi na faɗa. Taron wata mai zuwa, inda ka tsaya ka ɓata ni, nan za ka tsaya ka ce kai ne. Ƙirji waje, Saje. Ni zan ba da oda."