Aron Kwana Biyu

Har in koma ga Allah ba ni mantawa da ranar da mai bincike ya zo mana Dogon Dutsi, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. Ku da kuke ganin ɗakuna maƙil da zinariya a tele kuna cewa banki ke nan, ku saurara.

Lokacin ni ne ma'ajin wani kamfani mai sayen gyaɗa. Makullin akwatin ƙarfe biyu ne, ɗaya wurina, ɗaya wurin Baturen da muke kira Mushe. Ƙa'idar ita ce mai bincike ya ƙirga abin da ke akwati ya gwada da littafi. In an sami giɓi, ma'aji ake ɗaurewa.

Ana jibi zai iso na ƙirga, babu jikka talatin. Mushe ko kunya babu ya ce, "Na ranta wa wani abokina. Nemo aro cikin gari, kwana biyu kawai. In ya ƙirga ya tafi sai ka mayar."

Ji fa! Shi ya ci, ni ke yawon roƙo. Wani Alhaji bafatake ya ce sai da jingina, kuma in Juma'a ta wuce kaya sun zama nasa. Na tafi wurin Inna. Ta cire 'yan kunnenta na zinariya, ta ɗauko sarƙarta, gadon uwarta, ta ce, "Kwana biyu ka ce ko?"

Na ce, "Biyu, Inna."

Mai bincike ya ƙirga, daidai wa daida, har da yaba mini. Sannan ya ce tunda motarsa Yamai babban birni za ta, bari ya wuce da kuɗin ya kai banki. Na dubi Mushe. Wallahi mutumin nan farcensa yake dubawa! Ni da hannuna na ɗaure kuɗin Alhaji na sa a mota, aka miƙo mini rasit.

Mushe ya yi ta gobe-gobe har aka canja masa wuri. Juma'a kuwa ta wuce, Alhaji ya sayar da kaya a Birnin Kebbi. Takaici kamar ya kashe ni.

Inna ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Tsinken tsintsiya ta karya ta sa a hujin kunnenta, wai kada ya toshe kafin in karɓo. Da tsinken nan aka yi mata wankan gawa.

Shekara talatin na ƙara a aikin kuɗi, abin da ya koya mini ɗaya ne. In kun ga akwati cike littafi ya yi daidai, kada ku yi saurin tafa hannu. Ku tambaya kunnen wa aka tuɓe.