Dutsen da Ya Ɓata Mini Riga

Ko na so in manta da ranar da muka kai dutse gidan abokinmu a unguwar Malam Inna, kunyarta ba za ta bar ni ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai in sunkuyar da kai, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Bari in fara da makarantarmu, don wanda bai san ta ba ba zai gane zancen dutsen ba. Makarantar maza ce ta 'yan Katolika, a wani gari da ke kan tudu a kudancin Gombe. Ni Musulmi ne, ɗan makiyayi. Mahaifina yakan kai wa su Fada nono, wato limaman da ke riƙe da makarantar, har sabo ya sa ya ba su ni in yi boko.

Da su Fada suka zo garin, saman tudun aka ba su, tunda ba mai noma a can. Babu bulo, mota kuma ba ta hawa. Ɗaliban farko ne suka riƙa fasa dutse suna ɗaukowa a ka duk ranar Asabar, har aka gina azuzuwa da ɗakunan kwana. Baƙin dutse ne mai nauyin tsiya, guduma ma sai ta sha wuya a kansa. Ana cikin ginin wani ɗalibi ya rasu a lokacin hutu. 'Yan ajinsu suka zari dutse ɗaya daga tarin, suka kai ƙauyensu da ƙafa, suka ɗora a kabarinsa. Daga nan ya zama al'ada. Duk tsohon ɗalibin da ya rasu, Kirista ko Musulmi, 'yan ajinsu za su hau tudun su ɗauko masa dutse daga ragowar tarin, wanda har yau yana nan bayan cocin makarantar.

A ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai a nan Gombe ni ne mai baki. Ba a taro ban ba da wannan labari ba, har “Tarihi” suke kirana, ni kuma ina jin daɗin sunan. Abin da ban cika faɗa ba shi ne, tun da na gama makarantar har zuwa lokacin da nake ba ku labari, ƙafata ba ta sake taka tudun ba.

Abokin namu Kirista ne, malamin makaranta da ya yi ritaya, kuma benci ɗaya muka zauna da shi. Shi ne kullum mai damunmu da “Yaushe za mu je mu ga makaranta?” Mu kuma mu ce bayan damina, bayan Sallah, bayan Kirsimeti. Sai ya yi dariya ya ce, “Allah Ya kai mu.”

Da ya rasu muka haɗu a gidana a unguwar Shamaki don a san wanda zai hau tudu. Nan fa kowa ya tuna da ciwonsa. Wannan hawan jini, wancan taro a ofis, ni kuma gwiwa. Sakatarenmu, wanda ya fi mu sauran ƙarfi, ya ce a bar masa. Washegari ya kawo abu a naɗe cikin farin ƙyalle, muka yi ta sa masa albarka.

Ana gobe jana'iza muka je gidan da la'asar. An kafa rumfa, mutane maƙil, 'yan cocinsu da maƙwabta da ɗaliban da ya koyar. Na sha farar babbar riga. Na kwance ƙyallen, na rungume dutsen a ƙirji, na buɗe baki. Na kawo su Fada, na kawo yaran da suka ɗauki dutse a ka har gashinsu ya zube, na ce wannan da ke hannuna guminsu na jikinsa. Tsofaffin mata na ta gyaɗa kai, wasu na share hawaye. Na ɗan ji dutsen ba nauyi, amma baki ya riga ya ɗau zafi, ban tsaya tunani ba.

Na miƙa wa matar marigayin. Ta karɓa da hannu biyu, ta juya shi, sannan ta dube ni. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, “Alhaji, kakkaɓe rigarka.”

Na duba ƙirjina. Jan yashi ne ya ɓata rigar tun daga wuya har ciki. Dutsen makarantarmu baƙi ne, kuma ba ya zubar da ko ƙwaya. Na waiga wajen sakatare, na ga ya ƙura wa takalminsa ido. Na matsa kusa da shi, ya raɗa mini, “A gonata ta Kwadon na ɗauko. Na ga dutse ai dutse ne.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Haushinsa ya taso mini, amma bai je ko'ina ba. Shi dai ya san abin da ya ɗauko. Ni fa, Tarihi guda, na rungume jan dutse a gaban jama'a ina zuba, ban ko lura da launinsa ba.

Matar ba ta tona mana asiri ba. Ta yi godiya a gaban mutane, ta ce, “'Yan ajinsu, ku ɗan shigo ciki.” Muka bi ta ɗakinsa kamar yaran da aka kira ofishin Fada. Ta durƙusa ta jawo wata tsohuwar roba daga ƙarƙashin gado, da ƙyar robar take motsi. Cike take da baƙaƙen duwatsu, kowanne kamar dunƙulen hannu.

Ta ce, “Bara, da likita ya gaya masa gaskiyar ciwonsa, ya ce in raka shi. Yana hawa yana zama, yana hawa yana zama, ni ina riƙe da shi. Na ce Baba, ɗaya bai isa ba? Ya ce a'a, mutanen nan gwiwoyinsu sun tsufa, ga aiki ya yi musu yawa, kada a bar wani ba dutse. Sai da muka nemi masu taya mu sauko da su.”

Na ce, “Madam, ki yafe mana.”

Ta ce, “Ba komai, Alhaji. Ya ce in kun kawo masa, in ajiye nasa. In ba ku kawo ba, kada in ga laifinku.” Ta ɗauki ɗaya ta naɗe a farin ƙyallenmu. “Wannan za a ɗora gobe. Sauran naku ne, kowa ya ɗauka.”

Sakatare ya fashe da kuka. Muka riƙa sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya, ba mai iya kallon ɗan'uwansa. Da na ɗaga nawa na ji nauyin nan da na sani tun ina yaro.

Bayan wata guda na hau tudun, gwiwar kuma ba ta kashe ni ba. Na ɗauko masa dutse na kai kabarinsa, na ajiye kusa da wanda ya ɗauko wa kansa. Nawa yana kan tagar ɗakina, na kuma nuna wa 'ya'yana shi don ranar da tawa ta zo. Ranar ta koya mini cewa iya ba da labarin alheri ba shi ne yin sa ba, kuma abin da aboki ya roƙe ka yana raye, yi masa yana raye. Har yanzu in an taru akan ce Tarihi ya tashi ya yi magana. Sai in ce a fara gaya mini wanda zai hau tudu.