Ranar da Kawu Ya Shiga ta Ƙofar Gaba

Ƙamshin albasa a cikin man shanu ba ya sa ni yunwa. Haushi yake taso min, kuma yanzu za ka ji dalili.

A unguwar Madain Fahd ta Jidda na taso, gida mai ɗaki biyu, ni da Inna da Kaka da Kawu, yayan Inna. Kawu ya koyi girkin Faransawa a Yamai tun yana saurayi, ya zo aikin hajji bai koma ba. Yana aiki a kicin ɗin wani babban gidan abinci a bakin teku, irin wanda ake jera wa mutum ɗaya cokula huɗu. Idan sanyi ya ɗan leƙo Jidda, 'yan makonnin nan da ake kashe fanka, sai ya yi mana miyar albasa. Yakan zauna gaban tukunya yana juyawa har albasar ta yi ja ta narke, sannan ya ɗora busasshen burodi da cuku. Kaka takan ce, "Wannan ai ruwan albasa ne, ina miyar take?" Amma sai ta siɗe kwanon tas.

Ina shekara tara, wata rana da azahar cikin zafin nan mai danƙo, Kaka ta yanke jiki ta faɗi. Inna ta damƙa ni a hannun maƙwabcinmu mai tasi, ta ce maza in kira Kawu. Ba wanda ya taɓa gaya min wurin yana da ƙofa biyu. Na bi wadda na gani, ta gilashi, da silifas ɗina da hawayena. Shugaban masu kai abinci, wani dogo mai siririn gashin baki, ya cafki kunnena ya murɗe, yana jana kamar akuya. Na ƙwalla ihu. Kawu ya ji muryata ya fito a guje, hannu duk gari, ya tsaya a tsakiyar masu cin abinci. Laifinsa ke nan, an gan shi. Dogon ya ce, "Halas, aikinka ya ƙare," ya nuna masa ƙofar baya.

Wanda ba shi da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, wa zai kai wa ƙara? Kaka ta warke, amma Kawu bai sake samun aikin girki ba. Dako ya koma yi a Madinar Masana'antu har bayansa ya lanƙwashe. Bai taɓa ce min ni na jawo ba, da ya faɗa ma da ya fi min sauƙi.

Bara ya ce ya gaji, gida zai koma. Na ce zan kai shi cin abincin bankwana, ya zaɓi wuri. Ya ce akwai wani ɗan ƙaramin shagon abincin Faransawa a Aziziyya, tebur shida, irin wanda suke kira bistro, yakan ji ƙamshinsa idan ya wuce.

"Can ake girki na gaskiya, 'yar nan."

Na ce to. Wallahi ƙarya na yi masa. Na riga na bincika, babban wurin yana nan, dogon ma yana nan, har ya zama manaja. Can na nufa da shi.

Da Kawu ya hango gilashin, ya ja ya tsaya. "Ke, ba haka muka yi da ke ba."

"Yalla, Kawu. Yau ta gaba za ka shiga."

Na kama hannunsa na ja shi ciki. Na ji tausayinsa, amma ban sake shi ba.

Manajan da kansa ya ja wa Kawu kujera, gashin bakin ya yi fari, sai marhaba yake zubawa. Bai gane mu ba. Kai, wannan ya fi murɗe kunnen ciwo! Aka kawo miyar albasa a wani ɗan kofi da bai kai na shayi ba, da kumfa a kai. Kawu ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye cokali. Na ɗaga hannu na kira manajan, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, dattijon nan yana da magana.

Kawu ya dube shi, ya ce masa a hankali da Faransanci an yi wa albasar gaggawa, an zuba mata sukari don ta yi launi. Sannan ya ƙara da cewa, "Ba haka na bar muku ita ba."

Na ga daidai lokacin da manajan ya gane muryar, bakinsa ya buɗe ya kasa rufuwa. Na ɗan ja mayafina na nuna masa kunne. "Wannan fa, ka tuna shi?" Ya sunkuya yana ba da haƙuri a gaban yaransa, a gaban baƙinsa. Na bar shi a sunkuye. Ban ce na yafe ba, kuma har gobe ban yafe ba.

Kawu ya miƙe ya gyara hularsa. "Kin gama? To kai ni inda na ce, yunwa nake ji."

A bistro ya cinye kwano guda, ya share gindinsa da burodi, sannan muka dawo gida.

Yanzu yana gida, Damagaram. Ni kuwa ina nan ina kallon sabon yayin Jidda, wai kicin na gilashi. Mutane na rububin teburin da ya fi kusa da mai girki, suna ɗaukarsa hoto, suna tafa masa. Kawu minti ɗaya aka gan shi, ya yi shekara ashirin yana dako.