Mai Kan Roba a Layin Maƙera

A bakin layin maƙera, inda aka shafa wa rumfuna jan fentin rusau, wani dattijo yana tsaye riƙe da sanda, an kafa mata kan mutum na roba. Kowane kunnen robar akwai 'yar makirufo a ciki, don mai sauraro ya ji guduma ta nan, hon ɗin mota ta can, kamar yana tsaye a wurin. Rigarsa ta koɗe, wayoyinsa duk ɗauri ne. Da gani ya daɗe yana naɗar hayaniyar garin nan yana tarawa, kuma ba wanda ya aike shi.

Yana sa abin sauraro a kunne, yana cirewa, yana juya shi. Can sai ya miƙa wa wata mai lemo da ke gefensa.

"'Yata, saurara mini. Gudumar nan ta wane gefe take zuwa?"

"Ta hagu mana, Baba. Ba ka ji ba?"

Ya taɓa kunnensa na hagu, wanda ya mutu tuni.

"Rushe layin za a yi fa," in ji ta. "Wa zai saurari wannan?"

"Ga mai sauraro nan," ya ce, yana goge kunnen robar da bakin rigarsa.