Agogon Kwamfutar Yayana

Yayana surfani yake yi da inji. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a ƙasan bene, injin ya cinye rabi, sauran kuma kwalayen zare ne da wata tsohuwar kwamfuta mai nishi kamar mai ciwon asma. Duk zanen da ya yi tun yana saurayi, na wuyan riga, na aljihu, na tambarin makarantu, yana cikinta, kuma manhaja ɗaya tak ce ke buɗe su.

Da guminsa ya sayi manhajar nan. Amma tana da wani hali mai ƙona rai: duk shekara sai ta leƙa intanet ta tambayi kamfaninta ko Yaya ɓarawo ne. Ana nan kamfanin ya rufe, babu mai amsa mata. Mai gyara ya ce mafita ɗaya ce, a raba ta da intanet, kullum da safe a mayar da kwanan wata baya kafin a buɗe ta. In ta kuskura ta ga ranar gaskiya, ta kulle ke nan har abada.

Haka Yaya ya yi shekaru. Mutumin da ke manta inda ya aje tabarau, bai taɓa manta wannan ba. Ko ni ƙanwarsa, in na matsa kusa da teburin sai ya ce, "Ke, ja can!"

Ran nan mijin babbar 'yarsa ya zo gaisuwa, sabon ango, mai rawar kai wajen neman yardar suruki. Ina shagon ina zaɓen zare, na ba su baya. Yaya ya fita sayo masa lemo da kansa. Da ya dawo, angon ya miƙe yana washe baki.

"Baba, agogon kwamfutarku ya yi baya sosai. Na haɗa ta da wayata na gyara muku. Sai dai manhajar tana neman wata lamba."

Na ji kamar in kwaɗa masa kwalin zaren. Yaya ya dubi allon, ya daɗe yana kallo. Da ɗansa ne, da unguwa ta ji su. Amma suruki ne, ina bakin magana?

"Allah ya yi albarka," ya ce. "Sha lemonka."

Mai gyara ya zo ya yi iya yinsa, ya girgiza kai ya tafi. Zanen suna nan a ciki, ana ganin sunayensu, ba a iya buɗe ko ɗaya.

Na ce wa Yaya wallahi sai na faɗa wa 'yar tasa. Ya ce, "Kar ki soma. So kike ta riƙa jin kunya a ɗakinta?"

Yanzu ni ke bin gidajen tsofaffin kwastomominsa ina aron riguna, shi kuma yana kwafe ɗinkinsa na da daga jikinsu. Jiya ya miƙo min wata shuɗiya, ya ce in ƙirga masa ganyen da ke wuyanta, idonsa ba ya rabe su.